Babi na Shida: Layi a Bakin Taga

Duk direban da ya bi titin Chippewa a kudancin birnin St. Louis da daren Asabar na watan Yuli, zai rage gudu ko bai so ba. Jama'a ce maƙil a gaban wani ƙaramin farin gini wanda aka yi wa bakin rufinsa ado da katakai masu tsini, kwaikwayon ƙanƙarar da ke reto a rufin gidaje da hunturu. Babu zauren zama a ciki. Tagogi ne a jere, sun haura goma, a bayan kowace akwai saurayi ko budurwa cikin riga ruwan ɗorawa, hannu bai hutawa. Wasu daga filin wasan besbol suke, da jajayen rigunan ƙungiyar Cardinals a jikinsu. Wasu daga coci, wasu daga aikin dare. Ba abin mamaki ba ne a ga amarya da farar rigarta tana bin layi tare da ango da 'yan rakiya, domin tsayawa a nan bayan ɗaurin aure ya daɗe da zama al'adar garin. Wanda ya karɓi nasa sai ya koma ya jingina da mota, ko ya zauna a bakin kwalta, ya sa cokali.

Sunan wurin Ted Drewes, abin da ake yi wa wannan cincirindo kuwa kofin takarda ne guda, shi ma ruwan ɗorawa. Kafin ma'aikaci ya miƙa shi, yakan kifa shi a gaban mai saye, bakin kofin na kallon ƙasa, cokali a soke a ciki. Ko ɗigo ba ya zuba. Saboda wannan kaurin ne aka raɗa masa suna kankare.

Wanda ya kafa wurin, Ted Drewes babba, gwanin wasan tanis ne. Ya fara sana'ar a Filorida a 1929, ya kawo ta St. Louis a 1930, ya buɗe wani reshe a titin South Grand a 1931, sannan a 1941 ya kafa na Chippewa a kan shahararriyar hanyar nan ta Route 66, wadda ta taso daga Shikago har gaɓar teku a Kalifoniya. Kankaren kuma sai a 1959 ya zo, kuma naci ne ya haife shi. Wani yaro ɗan unguwar yana zuwa kullum sayen madara mai sanyi da aka kaɗa, kullum kuma ƙorafinsa ɗaya: ba ta yi kauri ba. Ɗan mai wurin, Ted ƙarami, ya yi ta ƙara mata kauri yaron yana cewa da saura. Ranar da abin ya ishe shi sai ya haɗa masa ba tare da ya tsinka da madara ba, ya miƙa masa kofin a kife. Shi ke nan, abin da ya fi komai ciniki a wurin ya samu.

Wannan labarin ya fi ƙarfin abin nishaɗi. Ƙorafin yaro ɗan makaranta ya isa kunnen wanda ke da ikon canza abu, saboda mai wurin yana tsaye a bakin taga, ba a wani ofis mai nisan kilomita dubu ba. Shekara 26 bayan haka, a 1985, kamfanin Dairy Queen ya fito da nasa samfurin mai suna Blizzard, bisa shawarar wani mai riƙe da rassan kamfanin a yankin St. Louis da ya ga yadda kankare ke tafiya. Har yau a kife ake miƙa Blizzard a dubban rassa, kuma akasarin masu shansa ba su san daga inda dabarar ta fito ba.

Abin da ke cikin kofin daskararren kastad ne, ba irin garin nan da ake damawa da tafasasshen ruwa ba. Ɗan'uwan askirim ne, bambancinsu gwaiduwar ƙwai. Dokar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce kafin a kira abu da wannan suna, sai maiƙon madarar da ke ciki ya kai kashi 10 cikin ɗari, gwaiduwar ƙwai kuma kashi 1.4. Sai batun iska. Askirim ɗin kanti mai araha ana hura masa iska lokacin kaɗawa, har ta kai rabin abin da ke cikin robar iska ce zalla. Injin kastad a hankali yake juyawa, iskar da ke shiga ba ta kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, shi ya sa cokali ɗaya ke da nauyi a baki. Injin yana turo shi ne ta wani ƙaramin baki, ya gangaro a kan kwararon ƙarfe kamar doguwar igiya mai laushi, ya faɗa cikin bokiti, daga nan a kwasa a ba wanda ke tsaye. Sanyinsa wajen digiri 8 ne ƙasa da sifili, alhali askirim mai tauri ana ajiye shi a digiri 12 ƙasa da sifili ko fiye. Tsananin sanyi yana kashe harshe, don haka wanda bai kai can ba ya fi barin mutum ya ji zaƙi da maiƙo sosai.

Sai dai abu ne marar jimiri. Bayan 'yan sa'o'i laushin ya fara tafiya, in aka kai shi firiza ya kwana kuma ƙananan duwatsun ƙanƙara sun fito a ciki. Dole a riƙa yin sabo sau da yawa a yini, dole kuma mai so ya taso da ƙafarsa ya zo inda injin yake. Ana sayar da na roba a manyan kantuna, amma ɗan gari zai gaya maka ba ɗaya ba ne. Ke nan layin da ake gani a bakin taga ba ado ba ne, yanayin abin ne ya tilasta shi. Da mutane suka yi shekara da shekaru suna haɗuwa a layi ɗaya, sai wurin ya zama musu abin da teburin mai shayi yake a unguwa: ana zuwa don abin sha, ana daɗewa don hira.

Tun farko ma da layi aka san wannan sana'a. A 1919 wasu 'yan'uwa, Archie da Elton Kohr, suka fara sayar da kastad a bakin teku a Coney Island na New York, kuma a ƙarshen makon farko sun sayar da guda 18,460. Baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1933 ya gabatar da shi ga mutanen tsakiyar ƙasar. A ranar 4 ga Agusta, 1938, wani mai shagon askirim a garin Kankakee na jihar Illinois, Sherb Noble, ya yarda a gwada wani sabon askirim mai laushi na J. F. McCullough da ɗansa. Sharaɗin mai sauƙi ne: ka biya senti 10, ka sha iya cikinka. Cikin kimanin sa'a biyu an zuba wa mutane fiye da sau 1,600. Shekara biyu bayan haka, da wannan askirim ɗin, aka buɗe Dairy Queen na farko a garin Joliet.

Yadda boga, wato soyayyen nama a tsakiyar burodi, ta zo ta zauna kusa da askirim kuwa, mota ce ta haɗa su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa sun sayi motoci, sun tare a sababbin unguwannin bayan gari, ana neman abin da za a ci da hannu ɗaya ba faranti ba cokali mai yatsu. Ga mai rumfa kuma lissafin a fili yake. Askirim kasuwar zafi ce, kuma ta yamma. Kaskon suya yana kawo kuɗi da rana tsaka, yana kuma riƙe shago lokacin da sanyi ya shigo. Hatta McDonald's ta wannan hanyar ya zama abin da ya zama. Ray Kroc dillalin injin kaɗa madara ne. A 1954 ya ji cewa wata rumfar boga mai wannan suna a San Bernardino tana amfani da injinansa har guda takwas, kowanne yana kaɗa kofi biyar a lokaci ɗaya, sai ya yi tattaki ya je ya gano wa idonsa. Ya tarar da layi a bakin taga, ana sayar da boga senti 15.

Amma wanda ke son ganin wannan aure a inda ya fi danƙo, sai ya nufi Milwaukee a jihar Wisconsin. Jiha ce ta shanu da madara, har a jikin lambar motocinta an rubuta cewa ita ce ƙasar madarar Amurka. Kishin man shanu a can ya kai ga doka: daga 1895 har 1967 haramun ne sayar da majarin, wato botar masana'anta, idan an rina ta ta yi kalar man shanu, kuma Wisconsin ce jihar ƙarshe da ta janye wannan hani. Mutane kan tsallaka iyaka zuwa Illinois su sayo ta a ɓoye. Har yanzu doka ba ta yarda gidan abinci ya ajiye wa baƙo majarin a tebur a maimakon man shanu ba sai in shi ya nema.

A irin wannan gari ne Solly's Grille ya buɗe a 1936. Bogarsa ba ta da wani ƙyale-ƙyale: niƙaƙƙen naman sa da aka soya a kan faffaɗan ƙarfe, albasa da aka dafa har ta yi laushi, sai curin man shanu da ake ɗorawa a kan naman kafin a rufe da burodi. Kafin farantin ya iso gaban mai ci, man ya narke ya yi tafki a ƙasa. Baƙo yakan tsaya yana kallo, bai san ta inda zai kama ba. Tsohon kwastoma kuwa ya san a yi maza ake yi tun burodin bai jiƙe ba, yana ci yana dangwala gefen a cikin man, yana santi, mai na gangarowa har gwiwar hannu. Likitan zuciya ba zai sa wa wannan abinci albarka ba, kuma masu cinsa sun san haka. A 2022 gidauniyar James Beard, wadda kyaututtukanta suka fi daraja a harkar abinci a Amurka, ta sa Solly's cikin gidajen abincin gargajiya da ta karrama.

Rumfunan kastad uku ne suka raba zukatan mutanen garin. Gilles, wadda Paul Gilles ya buɗe a 1938, ita ce mafi tsufa. Leon's ta biyo a 1942. Kopp's ta zo a 1950. Tambayar wacce ta fi daɗi tana iya raba hira a gidan biki, kuma galibi amsar mutum ba ta wuce inda mahaifinsa ya fara kai shi yana yaro.

Leon's tana kudancin birnin, a kan titi na 27, kuma kusan yadda aka gyara ta a shekarun 1950 haka take: rufi mai faɗi da ya miƙo gaba, fitilun niyon masu launi suna haska filin ajiye motoci. Babu wurin zama a ciki. Duk shekara a buɗe take, har a watan Janairu lokacin da sanyin Milwaukee ke sauka ƙasa da sifili. Za ka ga mutum da rigar sanyi da safar hannu da hula har kunne, yana taka dusar ƙanƙara zuwa taga, ya karɓi kastad, ya ruga cikin mota ya kunna na'urar ɗumi ya sha. Ɗanɗano uku ne ba sa yankewa: banila, cakulan, da mai man shanu da gyaɗar pikan. Wanda ya bar garin shekara talatin ya dawo, abin da ya bari shi zai tarar, kuma abin da ya kawo shi ke nan.

Labarin Kopp's na wata mace ce da wuya ta tura kasuwa. Elsa Kopp 'yar asalin Jamus ce. Mijinta ya kamu da cutar karkarwar jiki ta Parkinson, nauyin gida ya dawo kanta. Wanda ya taimaka mata ta tsaya da ƙafarta shi ne Leon Schneider, mai Leon's, duk da ya san abokiyar gasa yake reno. A shekarun 1960 Kopp's ta fito da dabarar da ta canza sana'ar: ban da banila da cakulan, kowace rana akwai ɗanɗano na musamman, yau mai 'ya'yan itace, gobe mai gyaɗa da karamel, jibi wani daban. Ana buga jadawalin wata guda tun kafin watan ya kama. Mutane suna liƙa shi a jikin firij, suna duba ranar da nasu zai fito, wasu har su saka ranar ziyarar dangi ta dace da ita. Hikimar a nan ita ce, an ba mai saye dalilin dawowa ba tare da an taɓa abin da ya saba da shi ba. Bogar Kopp's kuma faffaɗa ce, ta kusa cika tafin hannu biyu, ana naɗe ta a takarda a miƙo, akasari a tsaye ake ci ko a waje.

Baƙo Musulmi da ya tsinci kansa a irin wannan layi yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya miƙa kuɗi. Ana yawan ɗora soyayyen naman alade a kan boga, a kan ƙarfe ɗaya kuma ake suya, naman san ma ba lalle yankan Musulunci ba ne. Wasu daga cikin ɗanɗanon ranar kuma ana zuba musu giya. Kastad ɗin banila dai madara ce da kirim da sukari da ƙwai.

Su wa ke bayan tagar? Yawancinsu 'yan makarantar sakandare ne da na jami'a, kuma ga miliyoyin Amurkawa nan ne aikin farko da aka taɓa biyansu albashi. Barack Obama ma da kwasar askirim ya fara, a wani shagon Baskin-Robbins a Honolulu, ya kuma faɗa da kansa cewa aikin yana cin wuyan hannu. Yarinya 'yar shekara 16 ce za ta riƙe odar iyali mai mutum bakwai a ka, ta ba da canji daidai, ta jure wa wanda ya iso taga bai yanke abin da yake so ba alhali mutum arba'in na bayansa. Yawancin abin da kwastoma ke kira kirkin wuri ko rashin kirkinsa, a hannun waɗannan yaran yake, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Sai dai ba kowa wannan taga ta yi wa maraba ba, kuma duk wanda zai ba da tarihin rumfunan nan da gaskiya dole ya tsaya a nan. A birnin Durham na jihar North Carolina akwai wani shagon askirim mai suna Royal, a tsakiyar unguwar baƙaƙen fata. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙaƙe. A ranar 23 ga Yuni, 1957, wani matashin limamin coci, Douglas Moore, da wasu mutum shida suka shiga suka zauna a ɓangaren farare, suka nemi a ba su askirim. Aka ce su tashi, suka ƙi. 'Yan sanda suka kama su da laifin shiga wurin da ba a ba su izini ba, alƙali ya ci kowannensu tarar dala 10. Da suka ɗaukaka ƙara, masu taya alƙali hukunci, waɗanda dukkansu farare ne, suka tabbatar da laifin, tarar ta koma dala 25. Kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron shari'ar. Wannan ya faru kusan shekara uku kafin zaman dirshan na Greensboro a 1960, wanda duniya ta fi sani. Sai da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta zo kafin wariya a gidajen abinci ta zama laifi a faɗin ƙasar. Don haka idan dattijon Ba'amurke yana zuba labarin daɗin shekarun 1950, fitilun niyon da motoci masu fiffike, yana da kyau a tuna cewa akwai sa'ansa da aka tura ƙofar baya a wannan zamanin.

Ragowar wannan matsala ba ta ƙare ba. A watan Mayu na 2016 Leon's ta shiga labarai bayan wani kwastoma ya ji ma'aikaciya tana gaya wa mai saye cewa ba a yarda ta yi masa magana da Sifaniyanci ba. Mai wurin ya tabbatar da cewa ƙa'idarsa ce a yi ciniki da Turanci kawai, yana cewa don aiki ya yi sauri ne. Amma kudancin Milwaukee cike yake da 'yan asalin Latin Amurka, kuma da yawansu sun girma suna shan kastad ɗin nan. Ƙungiyar LULAC mai kare haƙƙinsu ta nemi hukuma ta bincika, aka yi zanga-zanga a gaban rumfar, wasu kuma suka zo takanas su saya don nuna goyon baya ga mai wurin. Cikin 'yan kwanaki aka janye ƙa'idar. Abin da ya sa maganar ta yi zafi haka shi ne, mutanen unguwar suna ganin wurin nasu ne. Ba wanda zai ɗauki kwali ya fita titi saboda shagon da bai dame shi ba.

Koke-koken yau da kullum sun fi wannan sauƙi, amma su ma na gaske ne. Na farko kuɗi. A farkon 2024 yawan shanun Amurka ya sauka zuwa matakin da ba a gani ba tun 1951, naman sa ya yi tsada. Murar tsuntsaye ta kashe kaji masu ƙwai, har a watan Maris na 2025 matsakaicin farashin dozin ɗin ƙwai ya haura dala 6. Rumfar da jarinta nama ne da ƙwai da madara ba ta da mafaka, ko ta ƙara kuɗi ko ta rage inganci, kuma tsohon kwastoma ya fi saurin yafe na farko. Sai na'urar biyan kuɗi da ake juyo wa mutum da fuskarta, tana tambayar nawa zai ƙara na goro, ma'aikaci na kallonsa, na baya na kallonsa. Wani binciken cibiyar Pew a 2023 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin wuraren da ake sa ran a ba da irin wannan goro sun ƙaru a kan shekara biyar da suka wuce. Cunkoson ma yana da haɗarinsa: a 2022 mota ta kashe mutum biyu a lokuta daban-daban a kan titin da ke gaban Ted Drewes, abin da ya sa jama'a suka matsa wa hukumomin birnin su gyara wurin tsallakawa.

A manyan kamfanoni kuwa ƙorafin wani iri ne. Lalacewar injin askirim a McDonald's ta zama abin da kowa ya sani, har a 2020 wani matashin injiniya ya ƙirƙiri taswira a intanet mai suna McBroken, tana nuna rassan da injinsu ba ya aiki a wannan lokacin. Injinan suna da tsarin wanke kansu da zafi wanda ke cin sa'o'i, in ya sami tangarɗa kuma sai an jira ma'aikacin da kamfanin da ya ƙera su ya amince da shi. Sai a watan Oktoba na 2024 hukumar haƙƙin mallaka ta ba da damar wasu masu gyara su taɓa irin waɗannan injina. A rumfar unguwa, injin shi ne abincin gidan, kuma sau da yawa mai wurin ya san kowane ƙusa a jikinsa.

Ba a rasa waɗanda suka ɗauki wannan al'ada suka yi nisa da ita ba. A 1984 Craig Culver da matarsa Lea da iyayensa suka buɗe Culver's a ƙaramin garin Sauk City na Wisconsin, da boga mai man shanu a jikin burodi da kastad da ɗanɗanon rana. Yau rassansa sun haura 900. Danny Meyer, haifaffen St. Louis wanda ya taso yana zuwa Ted Drewes, ya fara da keken sayar da tsiran Turawa a dandalin Madison Square na New York a 2001, ya mayar da shi rumfar Shake Shack a 2004, da boga da kankare. Layin ya yi tsawo har aka kafa kyamara don mutum ya duba a intanet kafin ya taso daga ofis. A 2015 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari. Abincinsu ba laifi, kuma sun kai kastad garuruwan da ba su taɓa jin sunansa ba. Ted Drewes ƙarami dai ya sha samun tayin ya sayar da sunansa a buɗe rassa, ya ƙi, don yana ganin inganci ne zai tafi. Da hunturu ma bai nemi wata sabuwar kasuwa mai nisa ba: filin ajiye motocin yake cikawa da bishiyoyin Kirsimeti da ake kawowa daga Nova Scotia ta Kanada, ya sayar wa mutanen da suka sha kankare a wurinsa da bazara. Ya rasu a watan Agustan 2024 yana da shekara 96, iyalinsa na ci gaba da riƙe wurin.

Akwai kuma wata rumfa da ta tsaya a tsakiya, tana ɗauke da sunan babban kamfani amma tana tafiya da ƙa'idar unguwa. A garin Moorhead na jihar Minnesota, kusa da iyakar North Dakota, akwai Dairy Queen da aka buɗe a 1949, kuma har yanzu da yarjejeniyar wancan lokacin take aiki. Tsohuwar takardar ta ba masu wurin 'yancin da sababbin rassa ba su da shi. Suna sayar da abubuwan da kamfanin ya daɗe da cirewa daga jerinsa, kuma a nan suke yin Dilly Bar da hannunsu, wato askirim mai faɗi a jikin tsinke da aka tsoma a cakulan, wanda a wannan rumfar aka ce an fara yin sa a 1955. Taga ce kawai, babu zaure, babu hanyar saye daga cikin mota. Suna rufewa idan sanyi ya kankama, su buɗe ranar 1 ga Maris, ko wane irin yanayi ake ciki. A wannan yanki a farkon Maris hunturu bai wuce ba, dusar ƙanƙara tana nan jibge a gefen titi, wata shekarar iska na yanka fuska. Duk da haka tun kafin a ɗaga taga layi ya miƙe a kan titin, iyaye da yara a naɗe cikin manyan riguna, wasu sun zo da karnukansu, 'yan jarida na ɗaukar hoto. Da masu wurin za su sa hannu a sabuwar yarjejeniya, dole su bi jerin abincin kamfani kamar kowa, su daina yin nasu. Sun zaɓi su ci gaba da ta 1949.